Rakiyar Kawu Labo

Na daɗe ina buga takardu a merin Dogon Marke, wato ma'aikatar magajin garinmu da ke can gefen Gazawa, kuma in aka tara gyare-gyaren aikin gwamnati da na gani da idona, za su cika rumbu. An taɓa kawo mana gyaran da ya ce kowa ya rataya sunansa a wuya, sai ka ce a garin nan akwai wanda bai san Balkisu ba. An kawo wani da ya zo da akwatin koke-koke, aka kafa shi a bakin ƙofa, zanzaro ya yi gida a ciki. Shi ya sa ranar da Mansura ta dawo daga horo a Maraɗi da wani ƙaton allo ɗaure a saman mota, tana ta zumuɗi, ni dai na taɓe baki na ce a raina, to, ga wani kuma.

Mansura ce aka naɗa shugabar furoje, wato shirin gyara sashenmu, inda ake yin takardun haihuwa da na aure da na mutuwa. Na girme ta nesa ba kusa ba, amma ban taɓa jin haushin hakan ba. Maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu, kuma yarinyar tana da kai. Mu huɗu ne a sashen. Ilyasu ke zagaya ƙauyuka a kan moto, baburin meri, yana karɓo sunayen yara. Ni nake bugawa a na'ura. Sai Malam Labo, dattijon sashen, wanda yake duba abin da na buga, ya rubuta shi da hannunsa a babban littafin rajista, ya danna hatimi, sannan a kai wa magajin gari ya sa hannu.

Malam Labo kuwa kawun Mansura ne, wan mahaifiyarta. Shi ya riƙe ta bayan rasuwar ubanta, shi ya kama hannunta ya kai ta lakol, makarantar boko, lokacin da dangi ke cewa a bar ta a gida. Yau ga shi ita ce sama da shi. A buro, wato ofis, yana kiranta “shugaba” da wani ɗan murmushi a gefen baki, ita kuwa ko ido ba ta iya haɗawa da shi.

Aikin da ke gabanmu a kakar nan ba ƙarami ba ne. Yara masu yawa na ajin ƙarshe a makarantun ƙauyuka ba su da takardar haihuwa, kuma wanda ba shi da ita ba ya zama jarrabawa. Alƙali ya riga ya zo ya yi zamansa ya tabbatar da haihuwarsu. Saura mu mu fitar da takardun kafin a rufe karɓar sunaye.

Mansura ta kafa allonta a bango, ta raba shi gida huɗu: wurin Ilyasu, wurin Balkisu, wurin Malam Labo, sai na ƙarshe da ta rubuta wa “An gama”. Kowace makaranta tana da ƴar takarda mai launi, in aikinta ya bar hannun wani sai a matsar da ita gidan gaba. Ƙusoshin da aka ba ta a Maraɗi ba su kai ko'ina ba, sai Ilyasu ya tsinko mana ƙayar aduwa muka ci gaba da sokewa da ita. Wannan kam na yarda ya yi kyau, don ko makaho ya shafa allon zai san inda aiki yake.

Sai kuma abin da ta kira taron tsaye. Kullum da safe mu tsaya a gaban allon, ba zama, don kada kowa ya ja zance. Kowa ya faɗi abu uku: abin da ya yi jiya, abin da zai yi yau, da abin da ya tare masa hanya.

“Na ukun nan shi ne zuciyar abin,” in ji ta. “In ba a hwaɗi matsala ba, ba a gyara ta.”

Ranar farko gaisuwa kawai ta fi taron tsawo. Sai da aka tambayi kwana da gajiya da iyali da masu jiki, aka tambayi Ilyasu labarin tunkiyarsa da ta haihu, sannan aka zo kan magana. Mansura ta kasa cewa kawunta ya miƙe, shi da kansa ya dafa tebur ya tashi yana cewa, “Shugaba ta ce a tsaya, an tsaya.” Aka zo tambaya ta uku.

“Ilyasu, akwai abin da ya tare maka hanya?”

“Ba komi, lahiya lau.”

“Yaya Balkisu?”

“Sai godiya,” na ce.

“Kawu?”

“Alhamdu lillahi, shugaba.”

Haka aka yi washegari, haka aka yi ranar da ta biyo. To me ake so mu ce? Mutumin da ke kwance zazzaɓi na kaɗa shi, ka tambaye shi jiki ya ce maka da sauƙi, shi za ka tsayar da sassafe a gaban jama'a ka ce ya kai kukansa? Wanda ya ƙirƙiro taron nan, ko a ina yake, bai taɓa gaisawa da mutumin Maraɗi ba. Mu dai kullum lafiya lau muke, allo kuwa yana ƙaryata mu. Takardun makarantun gabas sun ƙi barin gidan Ilyasu. Nawa suna tafiyar hawainiya. Gidan Malam Labo kuwa ya cika har ƙaya na hawa kan ƙaya.

Wata safiya magajin gari, Alhaji Abdulhadi, ya tsaya ya daɗe yana kallon allon, sannan ya kira Mansura burosa. Ba laɓe na yi ba, ƙofar ce ba ta rufuwa da kyau tun wancan gyaran da ya wuce.

“Ƙarshen wata mai duba furoje zai zo daga Maraɗi,” ya ce. “Zai tambaye ki inda aiki ya tsaya, kuma da bakinki za ki hwaɗa mai. Teburin da ya tare hanya, wani za a ba. Na san kawunki ne, amma ɗiyan mutane ba za su rasa jarrabawa don kunya ba.”

Ta fito ta zauna a kujerarta, ta ɗauki biro ta ajiye, ta sake ɗauka. Tausayinta ya kama ni ƙwarai. In ta faɗi sunansa, ita ce ta kori mutumin da ya kai ta lakol. In ta rufe, ta ci amanar yaran nan da aikin da aka damƙa mata. Kuma abin haushin, ba wanda ya san dalilin da hannun Malam Labo ya yi sanyi, mutumin da a da yake cinye shafi kafin shayi ya huce.

Mafita ta fara ɓullowa ne daga inda ba a zata ba. Ran nan bayan taro, Ilyasu ya ce lafiya lau kamar kullum ya fita. Mansura ta tuna da saƙon da za ta ba shi, ta bi shi har gindin dogon yaro inda yake ajiye moto. Suka taka tare, ta ba shi saƙon, ya ɗora ƙafa zai tayar, sai ya ɗan sosa ƙeya.

“Af, dama, shugaba, tayar baya ta mutu tun kwanaki. Rairayin gabas ba ta shiga shi, shi ya sa ban leƙa can ba.”

Ina jin muryarta har ta taga. “Ilyasu! Yanzu-yanzu na tambaye ka ka ce ba komi!”

“Haba, shugaba. Gaban mutane? Da sahe?”

Ta dawo tana huci. A ranar aka samo taya daga ma'ajiyar meri, inda take jingine tun bara ba wanda ya tambaya.

Kwana biyu bayan haka na shiga gidanta da yamma in mayar mata da rariyar da na ara. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, muka taɓa hira. Ta ce, “Yaya Balkisu, ya aikin namu?” Na ce sai godiya. Da na tashi ta yafa mayafi ta rako ni. Muna kaiwa bakin zaure, ƙafata ɗaya a waje, sai na ji bakina yana cewa:

“Af, dama, tawadar na'urar nan ta ƙare tun wancan sati. Wurin diraktan lakol nike zuwa ina lallaɓa tashi na'urar.”

Ta tsaya cak tana kallona. Na ɗauka faɗa za ta yi. Sai ta fashe da dariya, ta yi ta yi har ta dafa bango, har mijinta ya leƙo daga ciki yana tambaya ko lafiya.

“Rakiya!” ta ce tana share hawaye. “Yaya, ke da Ilyasu duk wurin rakiya kuka hwaɗa. Ni da aka haifa cikin garin nan, na je Maraɗi na manta baƙo ba ya hwaɗin abin da ya kawo shi sai an rako shi.”

Gaskiyarta. Kowa a nan ya san haka, sanin da ya sa ba a ko lura da shi. Mutum zai zo gidanka ya zauna, ya sha ruwa, ya rantse gaisuwa kawai ta kawo shi. Sai ka taka masa zuwa ƙofa, kun juya wa jama'a baya, ba ido cikin ido, kowa na kallon gabansa, sannan ya ce “af, dama”, ya sauke abin da ya ɗauko tun daga gida.

Daga washegari aiki ya sake salo. Taron tsaye yana nan, ana gaisawa, kowa ya faɗi na jiya da na yau, kowa ya ce lafiya lau, Mansura ta ce madalla. Sannan ta bi mu ɗaya bayan ɗaya. Ta raka Ilyasu gindin dogon yaro. Ni da ba inda za ni, sai na ƙirƙiri zuwa randa shan ruwa, ta taka mini. Abin da ta jiyo ta rubuta shi a jar takarda ta soke a allo, kuma da yake an riga an faɗa a hanya, ba mai jin kunyar ganinsa a bango. Cikin ɗan lokaci takardun gabas suka taso, nawa suka kama gudu. Har magajin gari, da ta raka shi mota, ya ce af, dama, shi ya fi son a kawo masa sa hannu kafin azahar, don bayan tuwo idonsa rufewa yake.

Amma duk abin da ya gudo daga wurinmu gidan Malam Labo yake tarar da cunkoso. Shi kuwa ba ya rakuwa. Teburinsa na ƙarƙashin allon, shi ke fara zuwa, shi ke kulle buro. Tsoho ne mai wayo, ya gane dabarar tun ranar farko.

“Kawu, in taka maka?”

“Ina za ni, shugaba? Nan nike.”

Wata ya doshi ƙarewa, Mansura ta fara ramewa. Ni ce na kawo shawara, kuma ba zan yi kawaici ba, shawara ce mai kyau. Na ce mata ba a raka mutum sai ya zama baƙo. Tunda aka kai ta gidan miji Malam Labo bai taɓa zama a gidan ba, don kawu ba ya zarya gidan suruki. Amma mijinta ya gama ɗaura sabon rumbu, ga dammunan gero an fara shigowa da su. A aika a ce ana roƙon ya zo ya sa albarka. Dattijo yana iya ƙin cin tuwonka, amma ba ya ƙin yi maka addu'a.

Ya zo ranar Asabar bayan la'asar, cikin farar riga, da sandarsa. Ya dafa rumbu ya yi addu'a mai tsawo, aka shafa. Aka dama masa fura ta sabon gero ya sha, ya yaba. Mansura ta durƙusa ta ce, “Kawu, ya ƙoƙari, ya aiki?” Ya ce alhamdu lillahi. Da ya miƙe, ta cika kwano da aya ta ce a kai wa iyalinsa, ni kuma na yi wuf na ɗora kwanon a ka, don ba za a yi wannan tafiya ba ni ba.

Muka fito zaure. Na bar musu tazara ina biye.

“Koma haka nan, ɗiyata, rakiya ta yi.”

“A'a, Kawu, bari in ƙara taka maka.”

Muka wuce lungun masu dakan gero. Ya yi mata zancen damina, yadda wake ya yi kyau bana. Muka wuce famfo, ya yi zancen tsadar taki. A bakin filin kasuwa ya sake cewa ta koma, ta sake cewa bari ta ƙara kaɗan. Rumfunan duk a wofi, don ba ranar kasuwa ba ce. Muka ratsa su, muka bi ta bayan masallaci, sai ga mu a ƙofar gidansa. Bai ce af ba, bai ce dama ba.

Ya tsaya ya dubi ƙofar, ya dubi Mansura, ya yi ajiyar zuciya.

“To, wanda ya rako ka har ƙohwar gida ai shi ya zama baƙo. Mu je in taka miki.”

Muka juya. Ni da kwanon aya a ka, ba wanda ya ce in sauke. Muka sake ratsa kasuwa, muka sake wuce famfo. Matan da ke ɗiban ruwa suka bi mu da kallo, wata ta ɗaga murya: “Balkisu, talla kika koma? Nawa nawa ayar?” Na ce mata ta ji da bokitinta. Muka iso ƙofar gidan Mansura. Ya ce to, sai gobe in Allah ya kai mu. Ita kuwa ƴar nan, jinin Labo ce ai, taurin kai ba a wurin baƙo ta aro shi ba. Ta gyara mayafi.

“Kawu, ya za a yi in bar ka ka koma kai ɗaya? Mu je.”

Wallahi na ga kafaɗarsa tana rawa, dariya yake dannewa. Muka sake juyawa. Matan famfo wannan karon sakin baki kawai suka yi. Rana ta yi ƙasa, inuwar rumfuna ta miƙe. Muna tsakiyar kasuwa sai Malam Labo ya ɗan karkata dama, ya ɗaga hannu.

“Salamu alaikum. Sabo, ba a tashi ba har yanzu?”

Ba kowa a wurin. Ginshiƙin rumfar Sabo mahauci ne, an rataya masa tsohon buhu. Na ji dariya ta taso mini, kafin ta kai baki ta koma wani abu mai ɗaci. Malam Labo ya jira amsa, bai ji ba. Ya matsa, ya miƙa hannu ya shafa buhun. Ya daɗe a haka. Mansura ta je ta tsaya a gefensa, ita ma tana kallon buhun.

“Af,” ya ce a hankali. “Dama, Mansura.”

Tunda aka naɗa ta ban ji ya kira sunanta ba sai ranar.

“Tun farkon damina abin ya hwara. Kamar hayaƙi. Layukan littahi sai su haɗe mini, sai rana ta take in kai shi bakin taga, sannan in samu in rubuta kaɗan. Ina tsoron in rubuta ma ɗan wani sunan da ba nashi ba, shi bi shi har tsuhwa. Na so in hwaɗa miki. To in kin sani, ko ki kore ni a ce ɗiyar da ya riƙa ta kore shi, ko ki ruhe a ce ta ruhe don kawunta ne. Ban so ko ɗaya ta same ki.”

Ta sa gefen mayafi ta share fuska. Ni ma na share tawa, da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da kwano.

“Kawu,” ta ce, “ni aka koya ma cewa in aiki ya taru wuri ɗaya, ba a tsayawa ana kallon mai wurin. Kowa shi bar nashi a taru a kai. Kunnenka lahiya lau yake, hannunka lahiya lau. Ido kawai za mu ara maka, kahin likita shi duba naka.”

Ya juyo ya dube ta, ko in ce ya dubi inda take.

“Ashe gayya kika tahi Maraɗi koyo? Da kin tambaye ni ai da na hutar da ke kuɗin mota.”

Muka kwashe da dariya mu uku a tsakiyar kasuwar da ba kowa. A karo na biyu muka kai shi ƙofar gida, na sauke kwanon nan da ya ga gari fiye da ɗan tallan goro, wuyana ya yi kwana biyu yana tuna mini.

Ranar Litinin aka jawo tebura aka haɗa. Ni ina karanto abin da na buga da ƙarfi, Mansura tana bi da takardar alƙali tana rubutawa a littafi, Malam Labo ya jingina ya lumshe ido yana saurare, in ya ji daidai ya ce “wuce” ya danna hatimi. Ilyasu, ranar da bai fita ba, shi ke jerawa yana kaiwa sa hannu kafin azahar. Buron da a da ba ka jin komai sai ƙarar na'ura ya koma kamar tsakar gida ranar suna. Takardu masu launi suka dinga tsallakawa gidan “An gama”, Ilyasu yana yi wa kowace guɗa irin ta mata, har sai da na ce ya bari kada a ɗauka aure ake ɗaurawa a meri.

Sai dai tambayar tana nan tana jiranmu. Mai duba furoje, Mushe Garzali, wato Malam Garzali a Faransance, ya iso da safe a farar mota, dogo ne mai tabarau. Ya ce a yi taron tsaye kamar kullum yana kallo. Magajin gari ya tsaya a gefensa. Aka yi, kowa ya ce lafiya lau. Mushe Garzali ya dubi allon, ƴan takardu kaɗan ne suka rage a hanya, ya gyaɗa kai.

“Madam, aiki ya yi kyau. Amma labarin da ya iso mana a baya ya nuna ya daɗe tsaye wuri ɗaya. Wurin wa ya tsaya?”

Magajin gari ya kafe Mansura da ido. Na ga ta buɗe baki. Kafin ta yi magana sai sandar Malam Labo ta ƙwanƙwasa ƙasa, ya tako gaba.

“Wurina ya tsaya, Mushe. Ni Labo. Idona ne ya yi yana, na ɓoye, na tare ma yaran nan hanya. Shugabata ta bi ni da ƙahwa har ta gano, ta tara mini gayya. In akwai laihi nawa ne, in akwai yabo nata ne.”

A gaban baƙo, a gaban magajin gari, a gaban mu yaransa, da sassafe, a tsaye. Tun da aka kafa allon nan ba wanda ya taɓa amsa tambaya ta uku a cikin ɗakin sai shi, kuma kowa ya san don wa ya yi.

Mushe Garzali ya cire tabarau ya goge. “To yanzu an warware, Baba?”

“Ni dai ban gani da kyau,” in ji Malam Labo, “amma an ce mini allon duk ya koma gehe guda.”

Dariya ta ɓarke, har da baƙon. Da ta lafa Mushe Garzali ya ce ya zaga meri da yawa daga nan har Gidan Rumji, ko'ina lafiya lau ake ce masa, bai taɓa ganin wanda ya tsaya ya faɗi tasa da bakinsa ba. Ya ce mutum irin wannan ba a ɗauke shi daga teburinsa, sai dai a kai shi likita a dawo da shi. Magajin gari ya yi caraf ya ce ai shi ma abin da yake faɗa ke nan tun farko, kuma motar meri ce za ta kai Malam Labo Maraɗi. Na dube shi, ya kau da kai.

Muka fito gaba ɗaya muka raka baƙo. A hanya Mansura ta yi masa bayanin rakiya, yana ta dariya yana cewa wannan ba ta cikin littafin horo. Ya buɗe mota, ya sa ƙafa ɗaya ciki, sai ya ɗan tsaya ya sosa ƙeya.

“Af, dama, Madam, mu ma a namu buron allon ya kwana biyu bai motsa ba. Ko za ki leƙo mu wani sati?”

Ilyasu ya durƙushe a gindin dogon yaro yana riƙe ciki don dariya.

Da motar ta ɓace, kowa ya juya zai koma ciki, sai Malam Labo ya tsaya a bakin ƙofar meri.

“Shugaba.”

“Na'am, Kawu.”

“Kin raka Ilyasu, kin raka Balkisu, kin raka magajin gari, ni kin raka ni har sau biyu a yini ɗaya. Ke wa ya taɓa raka ki?”

Idonta ya ciko.

“Ɗauko jakarki,” ya ce. “Yau da wuri za ki tashi. Mu je in taka miki.”

Suka kama hanyar famfo, shi da sandarsa, ita tana riƙe da gefen hannun rigarsa kamar ranar da ya fara kai ta lakol. Sun yi ɗan nisa na hango ta ta fara magana, shi kuma ya sunkuyar da kai yana saurare. Raina ya so in bi su, ba zan ɓoye ba. Amma ranar ba kwanon da zan fake da shi, sai na koma ciki na ci gaba da buga sunayen yaran makarantar da ta rage.